Ƙanƙarar Tsohon Kare

Ranar da aka binne mijina, takalmana suka ɓata cikin na masu gaisuwa. Ina tsaye bakin ƙofa ƙafa ba komai, ba wanda ya lura sai maƙwabciyata. Ta cire nata ta turo min, ta taka ƙasa har gidanta. Tun daga ranar nake ce mata Yaya.

Yaya kuku ce a gidan wani likita, ta fi shekara ashirin a can. Gajeriya ce mai saurin tafiya, hannunta kullum ƙanshin albasa da sabulu. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ma ya daɗe da sakinta, amma ban taɓa jin ta zage shi ba.

Da zafi ya shigo bana, ta roƙe ni ɗan wuri a firijina. Ta ce ƙanƙarar 'ya'yan itace take yi wa jikokin likita, nasu firijin ya cika. A kicin ɗina take haɗawa bayan la'asar. Ta yanka kankana, ta cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ta sa ayabar da ta nuna luguf, ta markaɗa da cokali biyu na madara mai tsami.

Na ce, "Yaya, wane yaro ne zai sha abu ba sukari?"

Ta ce, "Likita ya hana. Kin san su da iyayi."

Wata rana na kawo mata inabi ta ƙara, ta ture shi kamar kunama na miƙo. Na yi dariya, ban kawo komai a raina ba. Da ta rasa mazubi, ni da kaina na ɗauko ƙananan kofunan silba shida da marigayi yake shan shayi da su. Ta tafi da su da safe, ta dawo da su a wanke. Da su nake buɗa baki ranar da na yi azumi.

Rannan ta manta maganinta na hawan jini a kan teburina, na bi ta da shi. Mai gadin gidan likita ya nuna min can bayan ginin. A can na same ta tsugune a inuwa, wani tsohon kare mai furfura a baki ya kwantar da kai kan ƙafarta, yana lasar ƙanƙara cikin kofin da ya ɗan lotse a gefe. Kofin nan ne marigayi ya fi so.

Ta miƙe da sauri. "Ƙanwata, tsaya ki ji. Haƙoransa sun zube, zafin nan ya hana shi cin komai sai wannan. Tun yana ɗan mitsitsi nake ba shi abinci."

Na ce, "Ina firijin gidan?"

Ta sunkuyar da kai. "Uwar gida ta ce ba a nata ba."

"Sai a nawa?"

"Da na faɗa miki, da kin hana."

Na ajiye mata maganin a kan dakali na juya. Sai daga baya na ji cewa inabi guba ne ga kare.

Ni ban ƙi karen ba, na san akwai lada ga wanda ya shayar da dabba mai ƙishirwa. Da ta tambaye ni, da na nemo mata na roba. Abin da ya tsaya min shi ne wata uku tana zaune a kicin ɗina, tana kallona ina kai kofin nan bakina da bismillah, tana ba ni labarin jikokin da ba su taɓa ganin ƙanƙarar ba. Na wanke kofunan sau bakwai har da ƙasa, duk da haka na kasa sha da su. Tsakanina da ita kuwa sai sallama daga nesa.

Yau da hantsi mai gadin ya zo ya ce tana asibiti, jikin ya yi tsanani. Na sa hijabi, na zauna bakin gado, na cire, na sake sawa. Zuciyata ba ta huce ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma zan je, domin wata rana muna ninke wanki ta taɓa riƙe hannuna ta ce:

"Ƙanwata, ba ni da 'ya, ba ni da 'yar'uwa. In na riga ki, ke za ki yi min wanka. Kada ki bar ni a hannun baƙi."