Malam Bunu, Mai Duba Bijimai

Da ya idar da sallar asuba, Malam Bunu yakan ɗaure akwatin madubin nan nasa mai ƙara girman abu a bayan babur, ya bar Azare ya nufi rugage. Haka malamin dabbobin nan ya yi ta yi har bana, 2007, da ya ajiye aiki.

Ku tambayi Hammawa, wani makiyayi na wajen Udubo. Damina ta bi damina shanunsa ba su haihu ba, har ya yanke shawarar sayar da su. Malam Bunu ya ce ya dakata, a fara duba bijimin. Ya ɗiga maniyyin bijimin a gilashi, ya sa a madubin, ya ce wa Hammawa ya leƙa.

"Malam, na ga wasu abubuwa kamar 'ya'yan kwaɗi, amma a kwance suke."

"To, da wutsiya suke iyo. A cikinta akwai 'yan dako ƙanana masu kai kayan gininta har ƙarshe. In suka gaza, wutsiya ba ta ƙeruwa daidai, iri ba ya isa inda za shi. Shanunka lafiyarsu lau."

Aka sauya bijimi. Shekara na zagayowa maruƙa suka cika garke.

Ran da Malam ya koma yi musu allura, Hammawa ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, wannan abu... yakan sami ɗan Adam?"

Ashe shi da matarsa Dijatu sun daɗe babu haihuwa, kuma ita dangi ke ɗora wa laifi.

Malam Bunu, kai ne ba ka yi dariya ba, ba ka kuma ce za ka ba shi magani ba. Goya shi ka yi a babur har asibitin Azare, ka zauna a benci kana jiransa. Likita ya ce nasa ciwon sanyi ne, yana jin magani.

Da Dijatu ta haihu, ranar suna Hammawa da kansa ya ba da labarin nan a gaban danginsa, yana dariya, Dijatu tana guɗa daga ɗaki. Yaron sunan Malam ya ci.

Mun gode, aminin makiyaya, mai rufin asiri. Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan da kuka karɓi aikinsa, in mutum ya ja ku gefe ya rage murya, ku kashe babur ku saurare shi.