Reshen da Ban Buɗe Ba

Shekarar da aka kawo injinan yankan kacala kogin Haɗejiya, ni aka ɗauka in kula da su, don na ɗan karanci aikin lantarki. Kacala ita ce doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Injinan uku ne, kamar ƙananan jiragen ruwa, ba kowa a cikinsu, sai wani ɗan jirgi maras matuƙi da ke shawagi a sama yana duba musu hanya. Ni kuwa ina bakin gaɓa da na'ura mai faɗin faranti a hannu.

Ƙananan abubuwa su suke sasantawa a tsakaninsu: wa zai shiga gaba, wa zai kwashe abin da aka yanka. In babban abu ne sai su tsaya cak, su turo mini shawararsu, su jira in ce e ko a'a.

Masu aikin suka ce in nemo wanda ya san kogin. Na kawo mahaifina. Masunci ne, ya haura saba'in, ya daina fita su tun da ruwa ya daina zuwa ƙauyenmu. Ranar farko ya daɗe yana kallon injinan, sannan ya ce, "To, waɗannan wa ke ba su hankali?" Kafin mako ya ƙare ya raɗa musu suna: babba, na tsakiya da auta. Wata rana ya ɗaga sandarsa ya ce in tsayar da babba, akwai tsohon kututture a ƙarƙashin ruwa a nan. Jirgin sama bai gan shi ba. Na tsayar, na sa alama, suka kewaye wurin, kuma ba su sake bi ta nan ba. Baba ya yi dariya har da tari. "Suna jin magana," in ji shi.

Gab da damina muka iso inda kogin ya rabu. Hagu babbar hanya ce, wadda ke ɗauke ruwa daga bayan gari. Dama wani siririn reshe ne, shi ne ke kai ruwa fadamar ƙauyenmu, ya yi shekaru a toshe. Injinan suka tsaya. Shawararsu ta fito: a fara da hagu, domin ruwa mai yawa na tahowa daga saman kogin, in bai sami hanya ba zai koma kan gidajen mutane.

Na karanta wa Baba. Ya ce, "Kwana huɗu ya ishe su reshen nan. Ruwan ba zai iso ba sai bayan kwana goma, na san shi."

"Baba, sun ce kwana bakwai zai iso."

"Su suka ce. Kai me ka ce?"

Na dubi na'urar, na dube shi. Ya san kututture, gaskiya ne. Amma bai ga abin da jirgin ya gani a can sama ba, kuma in ya yi kuskure ba gidanmu ruwan zai ci ba. Na danna e. Injinan suka juya hagu a jere, auta a baya.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan tushen giginya ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Washegari ya riga ni zuwa bakin aiki, ya ci gaba da nuna mana inda yashi ya taru, kamar ba abin da ya faru. Na yi masa alkawari cewa da mun gama hagu za mu dawo kan reshen.

Ruwa ya iso a rana ta tara. Ya bi hanyar da muka buɗe ya wuce, bai shiga gidan kowa ba. Har yau ina lissafawa ko kwana huɗun nan da sun yiwu, ban sami amsa ba. Da kogi ya cika aka tsayar da aiki, aka loda injinan a mota aka kai su wani wuri. An ce za a dawo da su da rani. Ba a dawo da su ba.

Baba ya rasu bayan an girbe shinkafa, zazzaɓi na kwana uku. Bai taɓa tayar mini da maganar reshen ba, ni ma na kasa.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyata ta kai ni bayan rumbu, ta yaye wata tsohuwar tabarma. Kwalekwalensa ne a kife, an toshe duk tsagarsa, an shafe shi da sabuwar kwalta. Ta ce tun ranar da na kira shi aikin ya fara gyaransa, da yamma in ya dawo, ya kuma hana ta gaya mini don kada in ji kamar yana roƙona ne.

Ta tambaye ni abin da za a yi da shi. Na ce a bar shi tukuna. Muka kama tabarmar, ita gefe ni gefe, muka mayar.