Awon Filta da Tsinke

A layin masu kayan gyaran mota na Dutse ina kallon wani dattijo, rigarsa duk baƙin mai, riƙe da tsinken tsintsiya.

"An sa wa akori-kurata injin dizal, tsohuwar filta ta ƙi shiga," yake gaya wa mai shago. "Ga awon da bakanike ya karyo min."

Duk filtar da aka miƙo sai ya gwada tsinken, ya girgiza kai. Tsakanin shago da shago kuwa sakace yake da shi, yana gutsura yana tofarwa. Ina jin manomi ne, riɗinsa na can gona yana jiran mota.

A shago na shida tsinken ya yi daidai da wata 'yar filta.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Ba ni biyu."