Tambayar da Adda Ta Aiko

Ina cikin wanke wa wani dattijo ɗinkinsa a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, a asibitin da nake aikin jinya a Jahun, sai wayar Bintu, autarmu, ta shigo. Ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba, ta ce, "Yaya, Inna ta cika. Muna asibiti a Haɗeja." Na yi salati. Abin da ya fara fita daga bakina bayan haka shi ne har gobe nake jin nauyinsa: "Dama ba ta da lafiya ne?"

Ni ne ɗan farin marigayiya Hauwa'u. Jinin Fulani ce da zama ya kawo iyayenta wani ƙauye a fadamar Kirikasamma, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Kakata ce ta yaye ni ta rene ni. Ban taɓa ce wa mahaifiyata Inna ba, Adda nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke faɗa. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba. Da ina ƙarami ni ne "yaron can", da na samu aiki na zama "mutumin Jahun". In na je gaishe ta, takan juya gefe ta amsa wa bango, amma ban taɓa barin gidan ba sai da ƙullin bandar kifi mafi kyau a jakata, wanda ba wanda ya ga lokacin da aka saka shi.

Sana'arta ke nan, gyaran kifi da banda. Masunta kan tsallake masu banda uku su kawo mata nasu, domin wuƙarta ba ta fasa maɗaciya. Takan ce wa 'yan mata masu koyo, "Maɗaciya ƙarama ce, amma in ta fashe ta fi ƙarfin tukunya." In an yaba haƙurinta kuma sai ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Bara bayan babbar salla, Bintu ta kira ni ta ce, "Inna ta ce a tambayi mutumin Jahun. Wata maƙwabciyarmu ce, in ta ci maiƙo sai ciwo ya soke ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya hau har kafaɗa, wani lokaci da amai. Mai kemis ya ce olsa ce." Na amsa da gadara irin ta wanda ya san aikinsa. Na ce a garinmu kowane ciwon ciki olsa ne. Wannan ya fi kama da tsakuwa a maɗaciya. A daina jiƙa mata kanwa, a kai ta a yi hoton ciki. In an gani da wuri, cire jakar maɗaciyar ake yi mutum ya koma harkarsa. In kuwa zazzaɓi ya shigo ko ido ya yi rawaya, kada a kwana. Bintu ta ce, "To, Yaya, za a gaya mata." Ban tambayi sunan maƙwabciyar ba.

Ashe Adda ce mai ciwon. Ta ji amsar, ta ce a bari sai kasuwar kifi ta lafa. Da damina ta yi nisa ruwa ya cinye hanya, zazzaɓin ya zo. A kwalekwale aka fito da ita, ana kutsawa cikin ciyawar kacalla, tana gargaɗin Bintu: "Kada ki tayar da mutumin Jahun, yana da marasa lafiya a hannunsa." Likitan da ya karɓe ta ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sa mata ruwa da allurai, aka yi hoto ana shirin shiga tiyata. Da na iso ya ja ni gefe ya ce, "Malam, haƙuri za ka yi. Maɗaciyar ta daɗe tana kumbura tana lafawa. Wannan karon ta riga ta fashe kafin su iso."

A zaman makoki mutane na ta cewa, "Allah sarki, ga ɗanta ma'aikacin asibiti." Ba da mugun nufi suke faɗa ba, amma kowace kalma sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannun nan nawa ya danna cikin iyayen mutane ba iyaka, ina cewa su ja numfashi in ga inda zai tsaya. Cikin da ya ɗauke ni kaɗai ne ban isa in taɓa ba. Ban ga laifin kunyarta ba, ado ce a wurinta, kuma da ita ta so ni. Ta yi iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi, ta aiko da ciwonta da sunan wata. Ni da aka san ni da yi wa baƙo tambaya goma, tawa uwar ba ta samu ko ɗaya ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Hauwa'u, ka sa ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara, ka haskaka makwancinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Bintu da sauran 'yan uwa haƙuri, ka sauke mata nauyin amanar da ta riƙe. Ni kuma ka yafe mini, ka haɗa mu a gidan da babu ciwo, ko a can na ji ta kira ni Usmanu.