Fensirin Amm Sobhi

Shekara ashirin da shida Amm Sobhi ya yi a kan tebur ɗaya, a wata ƙaramar makarantar koyon Larabci da ke Madinat Nasr a Alƙahira. Aikinsa takardun iƙama, izinin zaman ɗalibai baƙi. Makaranta ke tsaya musu a wurin hukuma, shi kuma ya tsaya musu a layin ofishin fasfo, har gwiwoyinsa suka gaji da shi. Da fensir yake cika rajistar zuwa aji, kuma ba don biro ya yi tsada ba. Wanda zazzaɓi ya kayar, wanda ya tafi gida jana'izar uwa, sai ya goge ya rubuta "yana nan". Yakan ce, "Allah ma yana shafe laifi, ni wane ne?"

Bana aka ƙara ɗaure doka. Aka kafa injin dangwala yatsa a bakin ƙofa. Fashin aji goma, a kai sunan ɗalibi hukuma, iƙamarsa ta mutu. Makarantar da ta rufa wa wani asiri kuma, a ƙwace lasisinta.

"Amm Sobhi, ka yi wa Allah ka jefar da fensirin nan," in ji Madam Nagwa, shugabar makarantar. "Makarantu biyu aka rufe a layinmu, ba na son mu cika uku."

Bai jefar ba, ya dai tura shi cikin durowa.

To, akwai Asumani, mutumin tsibirin Komoro, magidanci mai shekara arba'in, saura wata bakwai ya karɓi shaidar da zai koyar da ita a garinsu. Bai taɓa fashi ba. Amma kafin aji yana aiki a gidan burodi, yana tsamo gurasa daga tanda da hannu, don da shi yake ci. Wuta ta lashe zanen yatsunsa, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ya dangwala, inji ya kunna ja.

"Ya Shaikh, yatsu ne waɗannan ko sabulu?" in ji Amm Sobhi.

"Amm Sobhi, ga ni fa a gabanka."

"Ni ai na gan ka. Wannan ɗan banzan ne bai gan ka ba."

Babu dabarar da ba su yi ba. A hura wa yatsa iska, a goga a goshi, a shafa man zaitun. Wata rana inji ya yi kore, wata rana ya ƙi. Kafin wata biyu fashi ya kai tara, mutum kuwa kullum yana layin gaba.

Amm Sobhi ya ja ƙafa zuwa ofishin Madam, ya ce zai rubuta cewa inji ne ba ya karanta hannun.

"Sai mai bincike ya ce a nuna masa hannun," in ji ta. "Yana gani zai san na ma'aikaci ne, kuma doka ta hana ɗalibi aiki. Ka ga mun kai kanmu. Ɗalibai ɗari biyu ke zaune a ƙasar nan da lasisinmu, Amm Sobhi. Me kake so in yi?"

Ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ranar Lahadi Asumani ya gwada yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, Amm Sobhi yana riƙe da wuyan hannunsa. Ja, sau goma. Fashi na goma ke nan. Ba su kalli juna ba.

"In shiga aji?" in ji Asumani.

"Shiga mana. Ka biya kuɗinka."

Amm Sobhi ya koma tebur, shayinsa ya riga ya huce. Wallahi ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya buɗe durowa, ga fensir, ga abin gogewa, amma babu abin da za su iya gogewa. Ya ɗauki biro ya jawo takardar kai rahoto. Ta bayan bango yana jin muryar Asumani, ta fi ta kowa ƙarfi, tana bin malami jimla bayan jimla. Ya saurara har aka kai ƙarshen shafi, sannan ya rubuta "ba ya nan", ya sa hannu.