Layar Ƙofar Hajja

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Ƙofar Wambai ya san shagon Malam Ɗanlarai, ko da bai san sunan mai shagon ba. Wuri ne da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki, ba don ginin ya yi kaɗan ba, sai don tarkacen da ya tara. Ɗanlarai ba ya yar da komai. Akwai gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, akwai bayan rediyon da mai shi ya rasu tun kafin a haifi yawancin masu wucewa ta ƙofar. In ka tambaye shi amfaninsu, sai ya ce maka ranarsu na zuwa. Abin haushin shi ne, sau da yawa takan zo ɗin.

Da rediyo ya fara, ya koma kaset, ya koma talabijin. Da wayar hannu ta shigo gari, samari masu kaifin ido suka kwashe wannan kasuwar, shi kuwa ya lallaɓa ya koyi haɗa sola. Yanzu shekararsa sittin da biyu, tabaronsa ɗaure da zare ta gefe guda, kuma har yau kalma ɗaya ce ke ɓata masa rai, wato a ce abu "ya mutu, a sayi sabo." Yana da wata 'yar kwalbar jan farce a aljihu. Duk abin da ya bi ta hannunsa sai ya ɗiga masa ja a wani lungu, don in ya dawo bayan shekara goma ya san aikinsa ne, kada ya zagi kansa bai sani ba.

Bakari tsohon abokinsa ne, ma'aikacin gwamnati, wanda ya gina gida a Gwallameji ya ɗauko mahaifiyarsa daga ruga. Kowa Hajja yake ce mata. Ta haura tamanin, jikinta da sauran ƙwari, amma tunaninta ya fara yi mata gardama. Da safe lafiya lau take, har ta gyara wa surukarta Humaira damun fura. Da zarar la'asar ta yi kuwa, sai ta tuna shanun da aka sayar shekara ashirin da suka wuce, ta ɗauki sanda ta tafi taro su.

Ɗakinta yana da ƙofar baya mai fita wani ɗan fili, inda take da bishiyar mangwaro da awaki biyu. Nan ne duk duniyarta. Bayan filin akwai kangwaye, bayan kangwayen akwai titi. Shekara shida da suka wuce Ɗanlarai ya sa wa ƙofofin gidan ƙananan na'urori guda bakwai, waɗanda masu sana'ar ke kira sensa. Kowace tana da ɗan maganaɗisu a jikin ƙyaure. In an buɗe ƙofa, sai ta aika saƙo ba waya zuwa wani akwati a falo, akwatin ya yi ƙara. Wannan akwatin Ɗanlarai ke kira uwa. Humaira tana ɗinki a gida, tana jin ƙarar ƙofar baya sai ta leƙa ta taga. In Hajja ta zauna gindin mangwaro, shi ke nan. In ta miƙe hanya, sai ta bi ta su dawo tare suna hirar shanu.

To, wata rana wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone uwar ƙurmus. Bakari ya sayo sabuwa mai haɗuwa da wayar hannu, ya yi ta fama kwana uku, ta ƙi sanin tsofaffin sensa ko guda. Mai shagon da ya sayar masa ya ce ai ba kamfaninsu ɗaya ba, a zubar a yi odar sababbi, sati uku sun iso. A cikin kwanakin nan sau biyu Hajja tana ficewa ba wanda ya ji. Na biyun wani mai keke ne ya tsince ta a bakin titi ba takalmi.

Ranar Asabar da hantsi Ɗanlarai ya sauka daga keke napep da jakarsa. Abin da ya fara gani a kan teburin falo sabon kwaɗo ne, da makullansa uku.

"Wannan fa?"

"Na ƙofar Hajja ne," in ji Bakari, bai ɗago kai ba. "Yau kafin la'asar zan sa. Wallahi ba da son raina ba, Ɗanlarai. Amma gara ta yi fushi da ni da a kawo min gawarta."

Ɗanlarai ya ajiye jakarsa. Ya san Hajja. Matar da ta yi shekara sittin tana kwana inda iska ke ratsa ɗaki, in aka garƙame ta, ba za ta yi wata guda da sauran hankalinta ba. Ya ɗauki kwalin sabuwar uwar ya juya shi, ya matso da shi kusa da hanci. Can ƙasa ya ga wata 'yar alama. Ya ciro sensar ƙofar falo, ya buɗe bayanta, ga ɗigon jan farcensa, ga kuma alamar nan iri ɗaya.

"Kamfani daban, yare ɗaya," ya ce. "Za su ji maganar juna. Kai dai ba ka sa sun manta da tsohuwar ba ne. Har yanzu ita suke kira."

Ya nuna masa wani ɗan rami kamar hudar allura a gefen na'urar. Akwai maɓalli a can ciki. Sai an danna shi an riƙe har an ƙirga goma, sannan sensa ta saki tsohuwar uwa. Daga nan a sa sabuwar ta saurara ta waya, a sake dannawa sau ɗaya. Suka gwada. Fitilar uwar ta yi ta ƙiftawa, can ta tsaya a kore. Bakari ya yi hamdala da ƙarfi har Humaira ta leƙo.

Kafin azahar, sensa shida sun kama. Saura ta bakwai, wadda dominta ake duk wannan wahalar.

Da suka shiga ɗakin Hajja, Ɗanlarai ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da "Mai waya, kana nan?" Ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofar baya. Maganaɗisun yana nan a jikin ƙyaure. Amma inda ya ɗaura farar na'urarsa, wata laya ce jar fata, ɗinkin baduku mai kyau, rataye a ƙusa.

Humaira ce ta yi masa bayani a hankali. Bara waccan da aka yi fenti, masu aikin suka cire na'urar suka bar ta a ƙasa. Hajja ta tsinta. Abu ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, wanda ɗanta ya sa aka maƙala a saman ƙofa, ai ba ya bukatar a gaya mata ko mene ne. Ta yi ta faɗa cewa mutanen birni ba su san darajar abu ba, ana barin laya tsirara. Ta aika aka ɗinke ta, ta mayar da ita daidai inda take. Da yake ta ci gaba da aiki a haka, ba wanda ya tanka.

"Kawo reza mu farke," in ji Bakari.

Hajja ta miƙe tsaye da saurin da ba a san tana da shi ba, ta tsaya a bakin ƙofar. Ba ta kama sunan Bakari, ɗan fari ne, don haka Ɗanlarai ta kalla.

"Gaya wa wancan, ba a buɗe laya. In an buɗe ta lalace. Shi bai sani ba, boko ya yi."

"Inna, ba laya ba ce, na'ura ce kawai..."

Ɗanlarai ya ɗaga masa hannu. Shi ba zai ce mata laya ce ba, don ba ya ƙarya. Amma bai ga abin da za a ƙaru da shi ba in an ci tsohuwa da gardama a ɗakinta. Ya koma falo ya ciro sensar ƙofar kicin, wadda irinsu ɗaya. Ya karyo tsinken tsintsiya ya auna daga kusurwa zuwa ɗan ramin, ya datse tsinken daidai nan. Sannan ya sa Bakari ya jawo uwar da doguwar waya har bakin ɗakin Hajja.

"Hajja, ki ara min allurarki. Ba zan warware ko zare ɗaya ba, ba zan kuma sauke ta daga ƙusa ba."

"Huda ta za ka yi?"

"Badukun da ya ɗinka sau nawa ya huda ta?"

Ta dubi ɗinkin. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro allura.

Ya hau kujera, ya shafa fatar da yatsa har ya gane gaba da baya. Ya ɗora tsinken, ya soka allurar a ƙarshensa. Ta tokari roba. Fatar ta ƙara kauri, awon ya goce. Ya matsa kamar faɗin ƙwayar gero ya sake sokawa, nan ma roba. Gumi ya fara sauko masa a bayan kunne, ga Hajja a ƙasa tana ƙirga hudar da idonta. A ta uku allurar ta zarce, ya ji ɗan maɓallin ya nitse. Ya riƙe numfashi ya ƙirga goma. Bakari ya taɓa wayarsa, Ɗanlarai ya sake dannawa, fitila ta fara ƙiftawa. Ta daɗe tana yi, har Bakari ya fara girgiza kai, sannan ta tsaya a kore.

Ɗanlarai ya sauko. Ya ce, "Hajja, buɗe mu gani."

Ta tura ƙyauren. Uwar ta yi ƙara, wayar Bakari ma ta yi. Iska ta shigo da ƙanshin ganyen mangwaro, awakin suka ɗago kai.

Hajja ba ta kula da ƙarar ba. Ta miƙa hannu ta shafa layar, ta karɓi allurarta, ta ce da Ɗanlarai ƙasa-ƙasa, kamar ba ta son ɗanta ya ji:

"Mai waya, ni ma na san ina ɓacewa. Sai in ga kaina a wani wuri, ban san me ya kai ni ba, tsoro ya kama ni. Amma tun da aka rataya abin nan, ban taɓa juyowa ban ga mutum a bayana ba, sai kwanakin nan. Na ɗauka ta daina ci ne."

Bakari ya ji. Ya juya ya fita falo, ya daɗe bai dawo ba. Ɗanlarai kansa sai da ya cire tabaro ya goge, don maganar ta taɓa shi ƙwarai.

Da zai tafi, ya ja abokinsa gefe ya gaya masa gaskiya: batirin da ke cikin fatar nan ba zai wuce shekara guda ba, kuma shi allura ba ta canja shi. Bakari ya dubi filin ta taga, ya ce Allah ya kai su da ita, in lokacin ya yi ya san yadda zai roƙe ta. Ya ɗauki kwaɗon ya miƙa masa.

"Tafi da shi. Kai ne ba ka yar da abu."

Ɗanlarai ya jefa shi a jaka. Har ya kai ƙofa sai ya tuna bai sa alamarsa ba. Ya koma, ya nemi izini, ya ɗiga jan farce a bayan layar inda ba a gani. Ana kiran la'asar ya fito. Yana tsaye a bakin hanya yana jiran keke, ya jiyo ƙarar uwar daga cikin gidan, keken ɗinki ya tsaya, sannan muryar Humaira tana cewa, "Hajja, jira ni in ɗauko mayafi, mu je mu taro su tare."