Yaya Odell Ba Ya Ɗaga Kai

Yayana Odell Sizemore ya ƙarar da ƙarfinsa a saman turakun lantarki, daga wannan dutse zuwa wancan a gabashin Kentucky. Duk inda ƙanƙara ta tsinka waya, shi ake kira. Abu ɗaya aikin ya zuba masa a jini: idonka a kan hannunka. A gabansa wani abokin aikinsa ya waiwaya don amsa gaisuwa, waya ta taɓa shi, sai gawa aka sauko da ita. Tun daga ranar, ko dankali Yaya yake ferewa, ba ya kallon mutum sai ya ajiye wuƙa.

Da ya yi ritaya sai ya sayi banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar gurmi. Gidana na jikin nasa, don haka ni na sha wahalar. Shekara da shekaru yana cikin gareji, ƙofa a rufe, yana nanata waƙa ɗaya har karena ya gaji da haushi. In faɗi gaskiya, daga baya Yaya ya iya. Amma ban da ni da karen, babu mahaluƙin da ya taɓa jin kiɗansa.

Bana ya ce zai je sansanin koyon kiɗan bluegrass na mako guda, wanda ake yi wa manya a wata tsohuwar makaranta a tsallaken kogi.

"Verna, ke za ki kai ni, ƙuguna ba ya son tuƙi. Kuma ki ji da kyau: in na dawo ban kaɗa a gaban mutane ba, coci zan kai banjon nan su sayar. Na gama."

Na ce, "To Yaya, kunnena ya huta ke nan." Amma abin ya tsaya mini a rai, don ba ya magana biyu, kuma tun rasuwar matarsa banjon nan ne yake tashe shi daga gado. Da muka isa sai na ƙi dawowa, na shiga kicin ina taya su dafa wake da burodin masara.

Kowace la'asar ana kafa kujeru a kewaye a ƙarƙashin bishiya. Malama Twila mai goge ce take jan waƙa. In ta gama baiti sai ta dubi mutum ta gyaɗa masa kai, fage ya zama nasa, ya kaɗa sauran suna raka shi a hankali. Wanda bai shirya ba sai ya sunkuyar da kai, a tsallake shi ba tare da an kunyata shi ba. Ba a kiran suna.

To, ka ga matsalar. Twila ta dubi Yaya, abin da ta gani sanƙonsa ne yana ƙyalli. Ta wuce. Washegari haka, jibi haka. Wani likitan haƙori da ko riƙon gita bai gama iyawa ba ya yi nasa har da rausaya, Yayana kuwa yana zaune ya kafa wa yatsunsa ido kamar za su gudu.

Muna cin abinci ya ce, "Mutanen nan ba sa yi da ni."

"Haba Yaya! Matar nan ta kalle ka har wuyanta ya ƙage."

"Ni ban gani ba."

"Da me za ka gani? Da sanƙon?"

"In na ɗaga ido kuskure zan yi."

"To ka yi mana! Banjo ya taɓa kashe wani?"

Ya ajiye cokali ya tashi. Takaici ya ishe ni, na tafi wajen Twila na roƙe ta ta kira sunansa kawai. Ta ce, "'Yar'uwa, wanda ya sunkuyar da kai ya ce a'a ke nan. Ba na tilasta wa dattijo." Kai, na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu!

Ranar ƙarshe, tun da hantsi Yaya ya kai jakarsa mota. A zaman la'asar na tsaya a bayan kujerarsa da ludayi a hannu. Aka zo waƙar rufewa. Twila ta juyo, ta tsayar da ido a kansa, har ta fara karkata wajen na kusa da shi. Ban san sa'ad da na ƙwala masa ludayin a kafaɗa ba.

"Yaya, don Allah ɗago kanka!"

Ya ɗago a firgice, suka haɗa ido, ta gyaɗa kai. Ya fara, ya yi kiɗa biyu uku, sai yatsun suka harɗe. Banjo ya yi tsit. Waƙar da na ji ya kaɗa daidai har ta gundure ni, ga ta ta ɓace masa. Fuskarsa ta yi fari fat, na ce a raina shi ke nan, na kashe shi.

Amma ba wanda ya tsaya, ba kuma wanda ya karɓe. Masu gita suka sassauta hannu suna ta maimaita zagayen kiɗan, Twila ta sauke gogenta tana kallonsa. Da zagayen ya dawo farko sai ya kama. Ya kai shi ƙarshe da tuntuɓe, da gumi, har da wani sauti irin na ƙofa mai tsatsa. Likitan haƙori ya yi ihun murna.

A mota banjon na kan cinyarsa. Ni kuwa ina jiran faɗan ludayi. Sai da muka haye gada ya yi magana.

"Verna, na faɗi fa. Na faɗi, suka jira ni."

Na ce, "To da me kake tsammani?"

"A saman turke ba a yin kuskure a dawo a gyara." Ya goge ido da bayan hannu. "Wuce cocin, kai ni gida."